Kundin Magatakarda

A watan Janairun 2007, hunturu ya kai tsakiya, na yi faɗa da aminina a kan mutuwar wani mutum da ba a taɓa haifa ba. Wata huɗu muka yi ba ma ga-maciji, alhali ajinmu ɗaya, kwanon cin abincinmu ɗaya. Duk wanda na ba wannan labari dariya yake fara yi, ni ma na daɗe ina taya su. Sai da shekaru suka tura sannan na gane cewa abin da ya haɗa mu a daren nan ya girmi wasan talabijin, ko da yake ta nan ya ɓullo.

A lokacin muna aji biyu a Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke harabar Kongo a Tudun Wadan Zariya. Wanda bai san garin ba yakan ɗauka jami'ar duk a Samaru take. Kongo ita ce ƙaramar haraba, amma ta girmi jami'ar kanta, domin tun 1947 ake horar da akawuna a wurin, kafin ta zama cibiyar koyar da sha'anin mulki, sannan aka haɗe ta da jami'a a 1962. Tun asalinta ke nan gidan rubutu da ajiya ce, gidan fayil da hatimi da lambar shafi. Mu kuwa ɗaliban shari'a, abin da ake ɗura mana safe da yamma shi ne magana ba ta da nauyi sai an san wanda ya faɗe ta da ranar da ya faɗe ta. Hukuncin da babbar kotu ta yanke jiya shi ke ɗaure ƙaramar kotu yau, kuma alƙalin da ya saɓa wa na gabansa dole ya kawo dalili. Wanda ya wuni a Ɗakin Karatu na Kennedy yana bin diddigin irin waɗannan hukunce-hukunce, da wuya ya iya tuɓe halin a ƙofar ɗaki idan dare ya yi.

Gidanmu yana cikin Tudun Wada, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba a ƙasa, amma rabin kwanana a Gyallesu nake yi, a ɗakin da wasu abokaina suka kama haya kusa da makaranta. Mu shida ne. Dukiyarmu ita ce ƙaramar talabijin mai ƙusumbi, da na'urar DVD, da ɗan janaretan da muke karo-karon kuɗin mansa idan an ɗauke wuta. Faifan kuwa daga Sabon Gari ake sayo shi, irin wanda ake cusa zango guda cur a ciki, bangonsa cike da rubutun Sin. Yakan tsaya cak a daidai inda rai ya fi so, sai a ciro shi, a huhhura, a goga a gefen riga, a mayar ana fatan alheri.

Abin da ya ɗauke mana hankali a shekarun nan shi ne Smallville, wasan Amurka da aka fara nunawa a 2001, aka yi zango 10 kafin a rufe shi a 2011. Labarin ƙuruciyar Superman ne, tun yana Clark Kent, jaririn da ya faɗo daga wata duniya, wani manomi mai suna Jonathan Kent da matarsa Martha suka tsince shi suka riƙe a gonarsu ta jihar Kansas. Harsashi ba ya huda shi, gudunsa ya fi ƙiftawar ido, amma masu shirya wasan suka yi wa kansu doka cewa ba zai tashi sama ba, ba kuma zai sa rigar nan mai shuɗi da ja ba. Haka muka zauna shekara da shekaru muna jiran mutum ya tashi. Sadauki irin wannan ba baƙo ba ne a wurina. Tun ina firamare mahaifina ke sa ni in karanta masa Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, shi yana taka keken ɗinki a shagonsa na bakin kasuwar Tudun Wada, ni ina zaune a kan tarin ƙyallaye. Saboda haka ƙarfin Clark bai ba ni mamaki ba. Abin da ya kama ni shi ne ubansa, talakan manomin da ke iya tsawata wa yaron da zai iya ɗaga tarakta da hannu ɗaya, yaron kuma ya sunkuyar da kai.

A cikinmu akwai wanda muke yi wa laƙabi da Magatakarda, kuma shi ne aminin da nake magana. Yana da littafin rubutu mai ganye 80 da ya keɓe wa wasan kaɗai. A ciki ya ja layuka, ya rubuta su wa suka san asirin Clark, a wane kashi suka sani, su wa suka bugu a ka suka manta, wane launin dutsen kiriftonait ne ke raunana shi, wanne ne ke sauya masa hali. Ana tsakiyar kallo sai ka ji ya ce, "Ku dakata! Wannan ya saɓa wa abin da aka faɗa a zango na biyu." Sai ya danna tsayawa, ya haska tocila, ya buɗe kundi. Ranar Asabar kuma yakan sayi sa'a guda a shagon intanet, ya dawo da takardu a kan abin da littattafan zane na Superman suka ce, domin a wurinsa su ne Kotun Ƙoli, talabijin kuwa ƙaramar kotu ce da ba ta da ikon saɓa musu.

Ɗakin ya rabu biyu. Akwai 'yan kundi, masu cewa labarin da gabansa ya ƙaryata bayansa ya ci amanar mai kallo. Akwai kuma masu cewa a bar mu mu kalla, ai wasa ne, wa ya taɓa neman shaida a kan mutumin da ke fitar da wuta ta ido? Wannan musu yakan kai mu ƙarfe biyun dare, man janareta ya ƙare, mu ci gaba da shi a cikin duhu. Ni a tsakiya nake, ina karkata ga duk wanda ya fi iya magana a daren. Ban ɗauke shi da zafi ba, domin a lokacin babu abin da na zuba a cikinsa.

Kwanaki kaɗan bayan ƙaramar sallar 2006, muna cikin kallo sai ƙanena ya yi sallama, ya ce Baba yana nemana. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, gajiyar ɗinkin sallah ce kawai ta kwantar da shi. Saura kashi biyu mu gama faifan. Na ce ya je ya ce da safe zan zo. Da safen na zo, na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Bayan sallar asuba ya dafe ƙirji ya zauna, bai sake tashi ba. Har yau babu wanda ya san abin da ya so ya faɗa mini.

Ban yi kuka ba. Na karɓi gaisuwa, na tsaya a maƙabarta, na zauna zaman makoki, mutane suna yaba dauriyata, ni kuwa na san ba dauriya ba ce, wani abu ne ya daskare. Na ƙaurace wa ɗakin Gyallesu har wata uku. A Janairu abokaina suka zo suka ja ni, suka ce zaman kaɗaici zai yi mini illa, ga shi sun ajiye zango na biyar ba su ƙarasa ba saboda ni. A daren ne muka kai kashi na 100 na wasan. A cikinsa yarinyar da Clark yake so ta mutu a haɗarin mota, sai ya samu ikon mayar da ranar baya ya cece ta, bayan an gargaɗe shi cewa rai zai fanshi rai. Ya cece ta, a daren kuma ciwon zuciya ya kayar da Jonathan Kent, ya cika a hannun matarsa da ɗansa. Da aka nuna Clark tsaye a bakin kabari, ƙanƙara na zuba, duk ƙarfinsa bai amfane shi da komai ba, sai abin da ya daskare a ƙirjina ya narke. Na yi kukan da ban yi ba a ƙofar gidanmu, a cikin duhu, a gaban ƙattai biyar.

Kowa ya yi shiru. Magatakarda ne ya kasa jure shirun. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Mutumina, kada wannan ya dame ka. Ba na asali ba ne. A littattafan zane tun 1986 tsohon yana nan da ransa. Wannan mutuwar ba ta cikin lissafi."

Yanzu na san rarrashi ya nufa, da abin da yake da shi ya rarrashe ni. A daren kuwa abin da kunnena ya ji shi ne hawayena ba sa cikin lissafi. Na miƙe na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita su a nan ba, na ɗauki kundinsa na yi jifa da shi waje, na tako a ƙasa har gida cikin sanyi.

A watannin da muka yi ba ma magana, wani abin mamaki ya same ni: na zama shi. Na sayi littafi mai ganye 80, na ƙudura zan rubuta tarihin mahaifina daidai, tun daga barinsa ƙauye har rasuwarsa, kamar dai idan na tattara komai zan gano abin da ya kira ni ya faɗa. Tun a shafin farko na ci karo da matsala, wato yadda ya zo Zariya. Baffana ya ce a jirgin ƙasa ya zo daga Funtuwa, yana ɗan shekara 15, da sule biyu a aljihu, kuma a tasha ya ba wani makaho sule ɗaya. Wani tsohon abokin sana'arsa ya ce sam, malaminsu ne ya kawo su karatun allo cikin birni, daga baya ya koma koyon ɗinki, kuma a daren farko ya raba bargonsa da wani almajiri mai zazzaɓi. Goggona kuwa, yayarsa, wadda ta goye shi, ta ce a ƙasa ya zo, yana bin jakunan wani kawunsu mai fataucin hatsi, da ƙunshin dambun da ita ta ɗaura masa, wanda ya rabar tun kafin su kai rabin hanya.

Na yi abin da aka koya mini. Na koma wurin Goggo da littafi da biro, na shiga yi mata tambayoyin ƙure: a wace shekara, wane sarki ke kan gado, idan a ƙasa ya zo me ya sa Baffa ya ce a jirgi? Ta jima tana kallona, sannan ta ajiye tsintsiyar da take ɗaurewa.

"Kai ɗan nan, ni za ka titsiye kamar wadda ta saci akuya? To, bari in tambaye ka. Sau nawa na kashe maka Gizo kana yaro? Yau giwa ta take shi, gobe ya faɗa wuta, jibi da dare ka zo ka ce, Goggo a yi mana ta Gizo, ya tashi garau shi da Ƙoƙi. Ka taɓa tambayata yadda aka yi ya tashi?"

Na ce ban taɓa ba.

"To da a ce wata rana na ce maka Gizo ya samu nama, ya kira marayu ya raba musu, bai ɓoye ko tsoka ɗaya ba, da ka yarda?"

Na ce da ban yarda ba, da na ce wannan ba Gizo ba ne.

"Ka gani. Ita ce ƙaryar, ba tashinsa daga mutuwa ba. Ubanka ko a jirgi ya zo ko a jaki, duk wanda ya ce maka ya iso da abu a hannu ya ci shi kaɗai, wannan ne maƙaryaci. Tashi ka ba ni wuri."

Na dawo gida na buɗe littafina, na ga abin da ke gabana tun farko ban gani ba. Shaidu uku sun saɓa a kan hanya, da shekaru, da abin da ke hannunsa, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan abin da ya yi da shi. A kotu da an ce shaidarsu ta rushe. A zaure kuwa ita ce shaida mafi ƙarfi, domin mutum uku da ba su haɗa baki ba sun ga mutum ɗaya. Bahaushe ya ce hali zanen dutse, ban taɓa fahimtar maganar ba sai ranar.

A watan Mayu Magatakarda ya yi sallama a ƙofar gidanmu, riƙe da takardu. Bai ce in yi haƙuri ba, ba irinsa ba ne. Ya zauna a dakali ya ce ya sake bincike, ya gano hukuncinsa na farko kuskure ne, kuma ko Kotun Ƙoli tana da ikon warware hukuncinta. Ya shiga jero mini hujjoji. Jerry Siegel da Joe Shuster ne suka fito da Superman a 1938, a zamanin da Abubakar Imam ke fitar da Magana Jari Ce, kuma a farkon labarin ba ya tashi sama, tsalle kawai yake yi. Dutsen kiriftonait ma a wasan rediyo ya fara bayyana, a 1943. A littafin 1939 iyayen riƙon nasa duka biyu sun mutu kafin ya zama sadauki. A fim ɗin 1978, wanda Christopher Reeve ya fito, ciwon zuciya ya kashe uban. A 1986 aka sake labarin daga tushe aka raya su, haka kuma suke da rai a wasan Lois & Clark na shekarun 1993 zuwa 1997. Ya ninke takardun ya ce, "Babu na asali guda ɗaya, mutumina. Wanda ka yi wa kuka yana cikin lissafi." Na shiga gida na fito mana da fura. A shekarar 2008 littattafan zanen da ya kafa hujja da su suka kashe Jonathan Kent da ciwon zuciya, ya zo ya gaya mini da kansa, muka yi dariya har da hawaye.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan na koma cikin masu cewa ai wasa ne, kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Akwai gaskiyar da ke hannun Magatakarda, kuma a littafin mahaifina na same ta. Da aka zo rabon gado, ba a nemi Goggo ta ba da labari ba. Littafin awonsa aka ɗauko, inda yake rubuta tsawon riga da faɗin kafaɗa, a bayansa kuma bashin da ake binsa da wanda yake bi, kowanne da rana da adadi. Da shi aka biya mai yadi a Sabon Gari, da shi aka mayar wa wata mata kuɗin ɗinkin da bai samu yi ba. Inda haƙƙin wani ya rataya, magana ɗaya ake nema, kuma sai an rubuta. Haka abin yake ga tarihi. Kundin tarihin Kano ya sa Sarauniya Amina a zamanin Sarki Dauda, cikin ƙarni na 15, ruwayar da ta fi yaɗuwa kuwa ta ce 'yar Bakwa Turunku ce ta ƙarni na 16. Masu bin diddigin wannan saɓani aikin gaske suke yi, kuma da aka fitar da fim ɗin Amina a 2021, Zazzagawan da suka yi ƙorafi a kan sutura da al'adun da aka nuna suna da hurumin yi, domin ita ba Gizo ba ce.

Shi ma mai kallo yana da haƙƙi a kan mai ba da labari, ko da bai kai na mai bin bashi ba. Ya ba da darensa, da kuɗin mansa, wani lokaci da abin da ya fi haka tsada. A 2009 masu Smallville suka kashe Jimmy Olsen, mai ɗaukar hoton da muka yi zango uku muna bi, sannan a wurin jana'izarsa suka nuna cewa ashe ba shi ne Jimmy ɗin da duniya ta sani ba, ƙanensa ne zai girma ya ɗauki sunan. Sun yi haka ne don su daidaita da littattafan zane, amma a ɗakinmu har masu cewa a bar mu mu kalla sai da suka fusata. An sa mu ƙaunaci mutum, sannan aka ce mana na aro ne. A 2016 kuma, a wasan The Flash, jarumin ya koma baya don ya ceci mahaifiyarsa, sai rayuwar kowa ta gurɗe, har 'yar John Diggle ta wasan Arrow, wadda masu kallo suka ga an haifa aka sa mata suna Sara, ta koma ɗa namiji. Magatakarda ya bugo mini waya daga jihar da yake aiki, tambaya ɗaya ya yi: "Yarinyar nan ina ta tafi?" Sai a farkon 2020 aka dawo da ita.

A nan na ga inda igiyoyin biyu suka haɗu. Labari yana iya sauya hanya, ya sauya shekara, ya sauya ma fuskar mai wasa. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Aminu Saira, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, na zauna ina sauraren matata da ƙannena mata suna irin musun da muka yi a Gyallesu, wasu na cewa Sumayya ta tafi, wasu na cewa duk wadda ta ɗauki halin ita ce. Irin wannan sauyi zuciya takan saba da shi. Abin da ba ta yafewa abu biyu ne: a ƙaryata halin mutum, ko a ce abin da ya faru aka biya shi da hawaye bai faru ba. Kamfanin DC ya taɓa share duniyoyin labaransa gaba ɗaya a 1985 zuwa 1986 don ya kawar da saɓani, amma saɓanin ya sake taruwa kamar ƙurar hunturu a tsakar gida. Masu musu ba su daina ba, kuma ba za su daina ba, domin abin da suke tsaro shi ne tabbacin cewa aiki yana da sakamako. Idan kowace mutuwa ana iya warware ta a zango mai zuwa, babu dalilin da zai sa wani ya sake kuka.

Wannan ne ya sa na daina fatan a mayar mini da daren nan baya. Na yi shekaru ina sake shirya shi a raina: in miƙe, in bi ƙanena, in zauna a bakin gadon Baba in ji abin da zai ce. Clark ya samu wannan dama, bai kuma tsira daga rashi ba. Ni ban samu ba. "Da safe zan zo" tana cikin kundina, babu mai goge ta, kuma nauyinta ne ya sa yau idan mahaifiyata ta aiko kirana, ko a gaban wa nake, nakan nemi uzuri in tashi.

A Disambar 2019 tashar da ke nuna waɗannan wasanni ta haɗa jarumanta a labari guda mai suna Crisis on Infinite Earths, inda aka ce kowane Superman da aka taɓa nunawa yana da duniyarsa. A ciki aka dawo da Tom Welling, Clark ɗinmu na Smallville, na 'yan mintuna. Aka nuna shi a gonar ubansa yana faskare, ya ajiye ƙarfinsa da kansa, ya zama mutum kamar kowa, yana zaune da matarsa Lois da 'ya'yansu mata. Raina ya ɓaci. Na kira Magatakarda, wanda yanzu furfura ta fara fito masa kuma yake da 'ya'ya uku, na ce shekara 10 muka yi muna jiran mutumin nan ya tashi, sai a kashin ƙarshe na 2011 ya tashi, yanzu kuma a ce ya ajiye? Na ce ya ɗauko kundi, lalle wannan ya saɓa wa wani abu.

Ya yi dariya ya ce kundin gara ta cinye shi tun tuni. Sannan ya ce, "Mutumina, ɗan wa ne? Ɗan Jonathan ne. Wanda manomi ya rena, ya koma gona don ya rena nasa, me ya saɓa? Da sun nuna shi ya bar yaran ya tafi neman suna, da ni zan fara shigar da ƙara." Na riƙe wayar ban ce komai ba. Maganar Goggo ce, wadda ta rasu shekara biyu kafin nan, ta fito daga bakin mutumin da bai taɓa zama da ita ba.

Keken ɗinkin Baba yana nan a ɗakin mahaifiyata a Tudun Wada, an lulluɓe shi da zane. Littafin awonsa yana wurina, tare da nawa mai ganye 80, wanda ban wuce shafi na tara ba. 'Yata ta fari tana da shekara bakwai, kuma takan sa ni in ba ta labarin kakanta da ba ta gani ba. Wani dare na ba ta na jirgin ƙasa, washegari na ba ta na jakuna. Ta tashi zaune a kan gado ta ce, "Baba, jiya ka ce a jirgi ya zo."

Na ce jiya na Baffa na ba ta, yau na Goggo.

"To wanne ne na gaskiya?"

Na ga Magatakarda a idonta, na kuma ji daɗin ganinsa. Na ce ta riƙe tambayar, kada ta yar, za ta yi mata amfani. Sannan na ce ta gaya mini abin da ya yi da guzurinsa.

Ta yi ɗan tunani ta ce, "Ya raba."

Na ja mata bargo, na kashe fitila.